ALLON DA YA KE RUBUTA KANSA

 

Har yanzu ba mu huta da tambaya ba a kan allon nan mai haske da yaran makarantarmu suka kafa a bakin titi daren Ƙaramar Sallar 2025. Wasu sun ce daga Dubai aka sayo shi. Wasu sun ce yaro aka ɓoye a bayansa yana jan igiya. Wasu kuwa, waɗanda maganarsu ta fi nauyi a wurinmu, cewa suka yi me ya haɗa malamin allo da wasan wuta. To, tun da ya ke ƙungiya za ta zauna ta duba ko za a sake yi, kuma da kuɗin jama'a za a yi, ya kamata mu zayyana yadda abin ya gudana, domin in za a yanke shawara a yanke ta a kan sani.

Ga wanda bai gan shi ba, ga kamanninsa. Allo ne irin namu na makaranta, har da kansa na riƙewa, amma tsawonsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 4. A gabansa akwai alƙalami na gora, da 'yar fitila a bakinsa. Alƙalamin ya kan taso daga dama ya nufi hagu, duk inda bakinsa ya wuce sai baƙi ya kama da farin haske, har ya gama rubuta "Barka da Salla" da ajami. Yana juyowa sai wasula su kama da jan haske. Jim kaɗan sai duka su mutu, watau an wanke allo, ya sake farawa. Haka ya yi ta yi daga bayan lisha har wajen ƙarfe goma sha ɗaya.

ASALIN MAGANA

Ba mu muka kawo shawarar ba, yara suka kawo ta. Duk wanda ya ke shiga Adum a watan Disamba ya san yadda masu kantuna su ke ƙawata ƙofofinsu sabo da Kirsimati, wanda maƙwabtanmu Tonawa su ke kira Buronya. A cikin kayan adon akwai wata barewa ta waya da aka naɗe da fitilu, tana sunkuyar da kai tana ɗagawa. Manyan almajiranmu, 'yan shekara goma sha uku zuwa goma sha bakwai, sun tsaya sun ƙare mata kallo, suka dawo suna gardama a kan abin da ya ke motsa wuyanta. Da azumi ya matso sai suka aiko babbansu, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, mu ma muna so mu yi namu na Salla. Raƙumi mu ke so, mai gyaɗa kai."

Ba mu ce i ba, ba mu ce a'a ba, muka ce su ba mu kwana uku. Dalili kuwa shi ne, waɗannan su ne yaran da su ke zame mana. Kowane malami a zangon nan ya san haka. Yaro ya kan zauna lafiya har ya kai shekara goma sha biyu, daga nan sai ka ga yau ya zo gobe bai zo ba, gidan kallon ƙwallo ya ja shi, wayar hannu ta ja shi, kafin ka ankara sai ka ji ya bi hanyar Agadas ya nufi Libiya. Shekara da shekaru mu ne mu ke bin su da kira. Ran nan kuwa su ne suka zo da ƙafarsu suna roƙon a ba su aiki. Wanda ya ke kiwo, in ya ga dabba ta juyo gida da kanta, ba ya rufe mata ƙofa.

Kuma ba a kanmu aka fara yi wa biki ado da haske ba. Mutanen Alƙahira sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna rataye fitilar azumi da su ke kira fanus. A dā, a Firitawun ta Saliyo samarin Musulmi sun shahara da ƙera manyan fitilu na itace da waya da takarda, siffar jiragen ruwa da masallatai, su zaga gari da su a daren Salla, har a kan yi gasa a tsakanin unguwanni. A Banjul ta Gambiya da Sanluwi ta Sanagal akwai irinsa da a ke kira fanal, a lokacin Kirsimati. Nan Gana ma Dagwamba su kan fita da jiniyar ciyawa a daren bikinsu na wuta a watan Muharram.

ME ZA A SIFFANTA?

Maganar raƙumi ba mu yanke ta mu kaɗai ba, sai muka kai ta gaban liman da wasu dattawa uku bayan sallar la'asar. Abin da malamanmu na Malikiyya suka tafi a kai sananne ne. Siffar abu mai rai, in ta kasance mai jiki ce da ta ke yin inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku, ba ta halatta, sai dai 'yartsanar 'yan mata da aka yi wa rangwame. Amma bishiya da jirgi da gini, da duk abin da ba shi da rai, babu laifi. An ruwaito ma wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas yana kukan abincinsa, ya nuna masa ya koma yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Bai ce masa ya bar sana'a ba, hanya ya canja masa. Raƙumi mai ƙafa huɗu da wuya mai motsi kuwa ya shiga kashin farko sarai, sabo da haka aka ajiye shi.

Yaran ba su ji daɗi ba. Wani ya ce a yi wata da tauraro, sauran suka ce wannan kowane kanti yana sayarwa. Wani ya ce jirgin sama na alhazai. Ana cikin haka sai wata yarinya da ta ke share zaure ta ce, "Malam, to a yi allo mana, alƙalami yana rubutu." Aka yi tsit, sa'an nan kowa ya ce shi ke nan.

Saura abin da za a rubuta. Da yawa sun so a sa Bisimilla. Ɗaya daga cikin dattawan, wani tsohon falken goro, ya ce, "Malam, abin da za a ɗora a kan aboboya, a kafa shi a bakin kwata, yana kamawa yana mutuwa, in iska ta zo ta kayar, ba a sa masa sunan Allah." Labudda gaskiya ya faɗa, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Aka tsaya a kan gaisuwar Salla da harshenmu. Baƙaƙenta bakwai ne: ba, ra, kaf, dal, sin, lam, alif. Tun da lam da alif a haɗe a ke rubuta su, sai suka zama gida shida. Wasulanta kuwa, wasali bisa biyar, ɗauri ɗaya a kan ra, shadda ɗaya a kan lam. Muka ce baƙaƙe su zama fari, wasula ja, kamar yadda mahaddatanmu su ke sa wasali da jar tawada in suna rubutu da hannu, kuma baƙaƙe su riga wasula fitowa, don ko a makaranta babbaƙu a ke fara yi kafin farfaru.

YADDA AKA HAƊA SHI

Sharaɗin farko da muka kafa shi ne ba za a taɓa wutar gida ba. Wutar da ta ke zuwa gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne, tana kisa, balle ga azumin ya kama a watan Maris, lokacin da ruwa ya ke fara sauka a Kumasi. Ban da haka, wanda ya ga dumso na 2015 ya san ba a ɗora biki a kan alkawarin wutar gari. Sai muka ce kome da kome zai yi aiki da batirin mota, mai bolt 12, wanda ko yaro ya dafa kansa biyu ba ya jan shi. Amma fa kada a raina shi. In waya biyu suka haɗu ba bisa hanya ba, batirin mota yana iya gasa waya ta yi ja wur ta kama wuta. Don haka aka sa fis mai amfiya 10 dab da kan batirin, in abu ya ɓaci shi ne zai ƙone ya yanke wutar.

Abin da zai motsa alƙalami kuwa, Magazin muka nufa, watau Suwame. Sunan Magazin ya samo asali daga ma'ajiyar makamai ta soja da makanikai suka fara zama kusa da ita a zamanin Turawa, yau kuwa dubban masu sana'a ne a wurin, babu abin mota da ba a farkewa a ɗinke. Wani mai gyaran wutar mota, ɗan zangon nan ne kuma tsohon almajiri, da ya ji bayaninmu sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai injin waifa ku ke nema." Ya jawo wani tsoho daga ƙarƙashin tebur ya ba mu sadaka, ya kuma yi alkawarin zuwa duk Asabar da Lahadi ya duba aikin yara.

Injin waifa shi ne ɗan injin da ya ke kaɗa magogin gilashin mota in ana ruwa. Fa'idarsa uku ce. Da bolt 12 ya ke aiki, yana da ƙarfi ƙwarai don akwai haƙoran rage gudu a cikinsa, kuma ba ya gaggawa, a ƙaramin gudunsa ya kan juya kamar sau 45 a minti. To, amma ko hakan ya yi wa rubutu sauri, don ba mai karanta layin da aka rubuta aka goge cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Maganin wannan a wurin mai gyaran keke aka samo shi. Ƙaramin faifan baya na keke haƙoransa 16, babban na gaba 44. In ƙaramin ne ya ke jan babban da sarƙa, sai ya juya sau uku ba kaɗan kafin babban ya juya sau ɗaya, 45 ta koma 16. Aka sake yin haka hawa na biyu, 16 ta koma 6. Juyi shida a minti, watau kowane juyi daƙiƙa goma. Yaran da su ke gudun lissafi a makarantar boko su suka yi wannan rabawa da gawayi a jikin bango, ba wanda ya tilasta su.

Sa'an nan sai yadda juyi zai zama kai da komowa. Teloli sun fi kowa sanin wannan. Ku dubi sandar da ta haɗa matakin keken ɗinki da babbar ƙafarsa: mataki yana sama da ƙasa, ƙafa tana juyawa. Namu shi ne wannan a juye. Mai walda ya liƙa ɗan guntun hannu a jikin faifan ƙarshe, aka haɗa shi da gindin alƙalami da sandar ƙarfe, alƙalamin kuwa an kafe shi da ƙusa ɗaya a ƙasan allo. Rabin juyi alƙalami ya tafi hagu, rabin juyi ya komo dama. Tun da ya ke a kafe ya ke a wuri guda, bakinsa ba ya tafiya a miƙe, baka ya ke yi, don haka aka tsara layin rubutun a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Mutane sun yaba wannan sun ce ado ne, alhali tilas ce ta sa.

Fitilun su ne 'yan mitsi-mitsin nan da a ke jerawa a kan ɗamara mai gam a baya, waɗanda masu shago su ke kira el-i-di. Ja daga cikinsu tun 1962 aka ƙirƙiro ta a Amurka, amma fara ba ta samu ba sai da wasu masana uku 'yan asalin Jafan suka gano mai shuɗi a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2014. Ba ta zafi kamar ƙwan lantarki na dā, kuma ba ta shan wuta: naɗi guda mai mita 5 na irin da muka saya amfiya 2 kaɗai ya ke ci. Sai dai tana da sharuɗɗa. Ba a yanka ta sai a kan alama, bayan kowace ƙwaya uku. Tana da kai da gindi, in aka juya waya ba ta kamawa. Kuma ba ta lanƙwasuwa gefe, ga shi kuwa rubutun ajami kusan duk lanƙwasa ne. Ala tilas aka yayyanka ta gutsi-gutsi, aka bi zanen kowane baƙi, ana haɗa gutsure da gutsure da 'yar waya da dalma. Haƙoran sin kaɗai sun ci yini biyu. Wannan aiki 'yan mata huɗu ne suka yi shi, don sun fi mazan haƙuri da sanyin hannu. Mu dai namu shi ne zana baƙaƙen a kan katako da babban alƙalami, yadda za su fito da kyan hannu.

GWANGWANI DA YATSU TAKWAS

Saura babbar tambaya: me ya ke sa kowane baƙi ya kama daidai lokacin da alƙalami ya iso kansa? Masu cewa akwai kwamfuta a ciki su saurara. Gwangwanin madarar gari ne babba, aka kankare fentinsa tas, aka soke shi a kan sandar da ta ke juya hannun alƙalami, don su riƙa juyawa tare. Aka jera yatsu takwas na tsohon zarton ƙarfe a kan katako, kowane yana gogar jikin gwangwanin. Yatsa na farko shi ya ke kawo wuta daga batir, kullum yana kan ƙarfe tsirara. Shida na gidajen baƙaƙe ne, na takwas na wasula. A hanyar kowane yatsa aka liƙa baƙin salatif na masu lantarki a inda a ke so fitilarsa ta mutu, aka bar ƙarfe a inda a ke so ta kama. Ba shi ya ke da hanya mafi tsawo don shi ya ke fara kamawa, lam-alif gajera, wasula suka fi kowa gajarta. A ƙarshe akwai wurin da salatif ya rufe hanyoyin bakwai gaba ɗaya, nan ne wankin allo.

A nan ne wani abu ya faru wanda shi ya sa muka ɗauki alƙalami muka rubuto wannan takarda. Yaran sun raba jikin gwangwanin daidai wa daida, suka kunna, sai ga baƙaƙen tsakiya suna makara, alƙalami ya wuce su kafin su kama. Suka yi ta gardama, wani ya ce batir ne, wani ya ce sarƙa ce. Akwai wani yaro ɗan shekara goma sha biyar, wanda ya shekara uku bai wuce izu biyar ba, har 'yan'uwansa suna yi masa dariya. Bai ce uffan ba. Ya cire waya daga batir, ya riƙa juya faifan da hannu a hankali yana duban bakin alƙalami, can sai ya ce, "Malam, alƙalamin ba gudu ɗaya ya ke yi ba. A gefe yana rarrafe, a tsakiya yana sauri." Haka kuwa abin ya ke, duk hannun da ya ke mai da juyi kai da komowa haka ɗabi'arsa ta ke. Ya ce a bar awo da magwaji, a juya da hannu, duk inda bakin alƙalami ya taɓa baƙi a tsaya a yi alama a jikin gwangwani a ƙarƙashin yatsansa. Aka yi haka, aka sake liƙa salatif, aka kunna, sai ga rubutu yana bin alƙalami sai ka ce tawada ce ta ke zuba. Mai gyaran wutar da ya zo ran Asabar ya duba, ya tambayi wanda ya gano wannan, aka nuna masa, ya daɗe yana kallon yaron.

Daga nan sai ƙarashe. Aka rufe injin da sarƙoƙi cikin akwatin katako, don injin waifa in ya kama yatsa ba ya saki. Aka lulluɓe fuskar allon da farar leda mai kauri, ta tare ruwa, ta kuma sa hasken ya haɗu ya zama layi maimakon ɗigo-ɗigo. Aka yi lissafin batir: inji kamar amfiya 3, fitilu in duk sun kama kamar 3, jimla 6. Batirin da wani direba ya ara mana mai 45 ne, kuma ba a son a sha fiye da rabinsa don kada ya lalace, sabo da haka muka san muna da awa huɗu ba kaɗan. Duk aikin nan da hantsi a ke yinsa a ranakun da babu boko, da kuma bayan la'asar. Sharaɗi na biyu da muka kafa tun farko shi ne, wanda bai biya allonsa na ranar ba, ba ya taɓa waya. A watan nan ba mu nemi kowa a gida ba.

DAREN SALLA

Da aka tabbatar da ganin wata sai aka ɗora shi a kan aboboya aka kai bakin titi, aka ɗaure shi da igiya huɗu a jikin turaku. Abin da jama'a suka yi kun gani da idonku, ba sai mun faɗa ba. Abu ɗaya dai muka lura da shi wanda wata ƙila ya wuce wasu. Samari da yawa, waɗanda sun sauke ko sun kusa, sun tsaya suna haɗa baƙaƙen suna neman ma'anarsu da Larabci, ba su samu ba. Wata tsohuwa mai sayar da koko, wadda ba ta taɓa shiga ajin boko ba, ita ta ɗaga kai ta karanta da ƙarfi ta ce, "Barka da Salla! Kai, ashe Hausa ce." Sai samarin suka kama dariya suna maimaitawa.

Wannan ya isa abin tunani. A ƙasar nan Alhaji Umaru na Karaci ya zauna, wanda aka haifa a Kano, ya yi zamani a Salaga, ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami waɗanda har jami'o'i su ke adanawa. Kakanninmu da ajami su ke rubuta wasiƙa da lissafin goro da bashi. Yau jikokinsu suna iya karanta baƙin, amma ba su san yana iya ɗaukar harshen uwarsu ba. Bayan Salla yara goma sha ɗaya suka ce a koya musu rubuta sunayensu da wasiƙa da ajami, mun kuwa fara, ran Alhamis da safe.

AMSA GA MASU TAMBAYA

Waɗanda suka ce almubazzaranci ne, muna girmama maganarsu, don gidajen da ba su da abin buɗa baki suna nan a zangon nan. Amma abin da aka saya da kuɗi uku ne kaɗai: fitila, da dalma, da falankin katako ɗaya. Inji sadaka ne, batir aro ne, sarƙa da faifai da gwangwani daga juji aka tsinto su. Lissafin yana wurin ma'ajin ƙungiya, kowa yana iya zuwa ya duba. Kuma ba a jefar da kome ba, allon yana nan a zaure.

Waɗanda suka ce koyi ne da bikin wasu, mu ma mun auna wannan. Barewar Adum ita ta tsokano tambaya, ba mu musu. Amma abin da yaran suka ɗauko daga gare ta dabarar motsi ce, ita kuwa dabara ba ta da ƙabila, kamar yadda lasifikar masallaci da agogon liman ba mu muka ƙirƙiro su ba. Abin da aka siffanta namu ne, harshen namu ne, rubutun namu ne.

'Yan'uwanmu masu sayar da kayan ado na waje kuma, kada su ɗauka da su mu ke. Fitilar da muka yi aiki da ita ma daga Sin ta zo, a shagon ɗayanku muka saya. Abin da mu ke cewa shi ne, akwai bambanci tsakanin sayen zare da sayen riga ɗinkakkiya. Wanda ya sayi zare ya bar wa masaƙi da tela abinci. A 2015 sai da gwamnatin Masar ta hana shigo da fitilun azumi daga waje, don na roba masu araha sun danne masu ƙera na kwano da gilashi a gida. Mu ba mu da ikon hana kome, ba ma nema. Amma in yaran zango suka iya wannan aiki, masu kantuna da masu biki za su nemi a yi musu alama mai haske da sunansu, kuma a wurinku za a sayi kayan.

Babban abin da mu ke so iyaye su duba shi ne wannan. Mun saba raba yara gida biyu, mu ce wannan na karatu ne, wancan kansa ba ya ja, a kai shi kasuwa ko gareji, kuma daga ranar da aka kai shi gareji shi da allo sai a lahira. Yaron nan da ya gano tafiyar alƙalami, mahaifinsa ya riga ya yanke shawarar cire shi bayan Salla. Da mai gyaran wutar ya je ya same shi da kansa ya ce yana son yaron, sai aka shirya a kan ya riƙa zuwa Magazin da safe, da dare kuma ya zo ya ɗauki allonsa. Yanzu yana izu na bakwai. Ba mu ce allo mai haske yana maganin kome ba. Cikin yara goma sha huɗu da suka yi aikin, biyu sun daina zuwa, ɗaya ma an ce ya bar gari. Amma goma sha biyu suna nan, a shekarun da a ke rasa su.

Sabo da haka roƙonmu ga ƙungiya uku ne. Na ɗaya, a ba yaran ɗaki mai ƙofa da makulli inda za su ajiye kayan aiki, don zauren makaranta ya yi kaɗan. Na biyu, masu sana'a na zangon nan, makanikai da masu walda da kafintoci da teloli, kowa ya ba da yini ɗaya a wata ya zo ya nuna wa yara abin da ya sani. Na uku, a sa dattawa biyu su riƙa duba abin da za a siffanta da abin da za a rubuta kafin a fara, kamar yadda aka yi a wannan karo. Yaran sun riga sun fara zanen jirgin ruwa mai tafiya a kan igiyar ruwa, irin na mutanen Saliyo, sun ce inji biyu zai ci. Mun ce musu su dakata sai iyayensu sun yi magana.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Haza wasalamu.